Wa Ya Shuka Itatuwan Galma?

Hotuna biyu ne, duka daga sama aka ɗauke su, kuma na gari ɗaya: Galma, a yankin Madawa cikin jihar Tawa. Ɗaya na 1975, ɗaya na 2003. A ɗaya gonaki ne fetal, sai baƙin ɗigo jefi-jefi, kowane ɗigo icce guda. A ɗayan kuwa ɗigon ya yi yawa kamar an watsa barkono a kan faifai. Duk wanda na nuna wa, kan mai itatuwan yake ɗora yatsa ya ce shi ne tsohon. Ni ma haka na yi, don tun muna yara ake gaya mana hamada na tafe tana cin ƙasa.

Ashe mai itatuwan shi ne na 2003. Gari ya faɗaɗa, murhu ya ƙaru, awaki sun ƙaru, itatuwa kuma suka ƙaru. Gray Tappan, masanin taswira na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, da Chris Reij ɗan Holan, su suka jera irin waɗannan hotuna, suka tarar a wasu garuruwa itatuwa sun ninka sau goma har ashirin. Da suka haɗa lissafin kudancin Nijar, sai ga hekta wajen miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200. To wa ya yi wannan aiki har duniya ba ta ji ba?

Ruwan sama na fara zargi. Gaskiya ne damina ta ɗan gyaru bayan farin 1973 da na 1984, shekarar yunwar da mutanenmu suka laƙaba wa suna El Buhari. Sai dai hotunan tauraron ɗan Adam sun nuna wani abin mamaki: a wurare da dama iyakar Nijar da Najeriya na fitowa sarai, itatuwa sun fi yawa a ɓangaren arewa, inda ruwa ya fi ƙaranci. Hadari bai san iyaka ba. Na wanke ruwa daga zargi.

Sai na koma kan furoje, wato ayyukan dashen itatuwa na ƙungiyoyi, don yankinmu ya ga manya guda biyu. Na farko a kwarin Majiya, ƙasar Buza, inda ƙungiyar CARE ta soma a 1975 tare da wani jami'in gandun daji, Dauda Adamu. Dogon yaro aka jera sahu bibbiyu, tsakanin wannan katanga da waccan mita 100, don a karya iskar da ke kwashe ƙasa tana binne shuka. Ya yi amfani, hatsin da ke bayan katangar ya fi na fili yabanya, daga baya kuma aka riƙa sassabe rassa ana sayarwa.

Na biyu shi ne aikin Keita, wanda ya tashi a 1984 da kuɗin Italiya, hukumar FAO na gudanarwa, ana biyan lada da abinci. Wanda bai ga fakon Adar ba, ƙasar da Keita take ciki, ba zai gane wahalar ba. Ƙasa ce ja mai tsakuwa, in ka sara da diga sai ta mayar maka da ƙarar. Maza sun tafi ci-rani Abijan da Najeriya, saboda haka mata ne suka fi yawa a wurin aikin: su ne haƙar ramuka a jikin tudu, su ne ɗaukar duwatsu a ka, wata da goyo a baya, ana jera su don a tare ruwan da ke gangarowa. Itatuwa kimanin miliyan 18 aka dasa. Ana yawan kiran sunan Wangari Maathai ta Kenya, wadda ta kafa ƙungiyar dashen itatuwa a 1977 ta karɓi kyautar Nobel a 2004, da matan Chipko na Indiya da suka rungume itatuwa don kada a sare, kuma sun cancanta. Matan Keita ba su ɗaga kwali ba, ba su tare hanya ba, shi ya sa littattafan fafutukar muhalli suka tsallake su. Ni a ganina an ci musu haƙƙi.

Amma lissafi bai fita ba. Ina miliyan 18, ina miliyan 200? Ga kuma wata alama a hoton: iccen furoje a layi yake tsayawa kamar ɗaliban makaranta, mafi yawan na gonakin Galma kuwa a warwatse suke, nan ɗaya can uku. Kuma gawo ne, da kalgo, da sabara, da aduwa, waɗanda ba kasafai ake renonsu a leda ba.

A gonar kawuna na sami bakin zaren, wata bazara ana sharar gona. Na ga ya durƙusa gaban wani kututturen kalgo da ya yi toho kusan goma. Ya duba, ya zaɓi uku masu ƙarfi, ya sare sauran, ya bi ukun nan ya fige ƙananan rassansu har rabin tsayi da wuƙa mai kaifi, yana yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage.

Na ce, "Kawu, wa ya dasa wannan?"

Ya ce, "Ɗana, ba a dasa shi ba. Yana nan tun zamanin kakanka. Kowace shekara mu sare mu ƙone, shi kuma ya sake fitowa. Yanzu mun bar shi ne kawai."

Sassaben zamani ake kiran wannan. Saiwar tsohon icce tana raye a ƙarƙashin ƙasa, ta riga ta kai ga laima, don haka tohonta ya fi dashe saurin girma nesa ba kusa ba, kuma ba ya neman ban-ruwa. Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya mai aiki da mishan ta SIM a Maradi, ya lura da haka a 1983, ran da ya tsaya rage iskar tayar motarsa a kan yashi ya ƙura wa wani ɗan tsiro ido. A yunwar 1984 aka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin toho a gona. Da abinci ya ƙare, mutane suka sare kusan kashi biyu cikin uku. Waɗanda suka bar nasu suka sami itacen girki da harawa da hatsi mai kyau, maƙwabta suka gani, abin ya bi kasuwa da bakin 'yan ci-rani.

Saura tambaya ɗaya, ita ce ta fi ci mini rai. Manomin Adar bai jira Bature ya gaya masa gawo na kakkaɓe ganyensa da damina ya taki gona ba. Ya sani tun fil azal. Me ya sa yake ƙone arzikinsa?

Amsar tana cikin doka. Tun dokar daji ta Faransa ta 1935, har wadda Nijar ta yi a 1974, manyan itatuwa irin su gawo na hukuma ne ko da a tsakiyar gonarka suke. Ka sare reshe ba takarda, tara ta hau ka. Mai hankali kuwa ba ya kiwon abin da zai jawo masa sammaci. Gara ya kashe shi tun yana toho, kafin ya zama icce a idon doka. Ga malaman gona kuma na koyar da cewa gonar kirki ita ce wadda aka share tas. Bayan taron Maradi na 1984 kan yaƙi da hamada, da rasuwar Seyni Kunce a 1987, hannun hukuma ya yi sanyi a karkara, manoma suka fara ɗaukar iccen gonarsu a matsayin nasu ba tare da sun nemi izini ba. Dokar karkara ta 1993 da sabuwar dokar daji ta 2004 sun zo ne suka tarar an riga an yi nisa.

A 2018, a can birnin Stockholm na ƙasar Suwidin aka ba Rinaudo da Yakuba Sawadogo, manomin Burkina Faso, kyautar Right Livelihood. Na ba kawu labari. Ya tambaye ni ko Suwidin ɗin ta fi Abijan nisa, sannan ya miƙo mini wuƙar ya nuna mini kututture na gaba.