Awon Fargaba a Gaban Likita: Mene Ne Shi, Kuma Don Me Ake Yin Sa?

A zamanmu na yau za mu karkata zuwa ga wani al'amari na lafiya, wato ciwon fargaba, da kuma awon da likitoci suke yi domin gano shi.

Dukanmu mun san mutumin da yake zuwa asibiti yana kukan faɗuwar gaba, da sarƙewar numfashi, da rashin barci. A ɗebi jininsa, babu zazzaɓin cizon sauro. A auna hawan jini, lafiya lau. A rubuta masa ƙwayoyi ya koma gida, bayan mako biyu ga shi ya dawo, kuɗi sun ƙare, ciwo yana nan. An bincika jikinsa sarai, amma ba wanda ya tambaye shi halin da zuciyarsa take ciki. Wannan giɓi ne awon fargaba ya zo ya cike.

Tsoro kansa halitta ne, kuma yana da amfani: shi ke sa manomi ya tanadi iri, uwa ta janye ɗanta daga bakin rijiya. Yana zama ciwo ne idan ya zarce dalilinsa, ya ƙi barin mutum tsawon watanni, har ya hana shi barci da neman abinci da zaman lafiya da iyali.

Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 301 ne suke fama da ciwon fargaba a duniya, mata sun fi maza, kuma kimanin mutum 1 cikin 4 ne kaɗai yake samun magani. A watan Maris na 2022 hukumar ta sanar cewa a shekarar farko ta annobar korona fargaba da ciwon ƙuncin rai sun ƙaru da kashi 25 cikin 100.

A Amurka akwai wani kwamitin masana mai ba da shawara kan rigakafi. A watan Oktoba na 2022 ya ce a riƙa yi wa yara masu shekara 8 zuwa 18 awon fargaba. A watan Yuni na 2023 kuma ya faɗaɗa shawarar zuwa manya daga shekara 19 zuwa 64, har da masu juna biyu da masu jego, ko da ba su zo da kukan fargaba ba. Dalili shi ne, mai wannan ciwo ba kasafai yake neman likitan ƙwaƙwalwa ba. Wurin likitan yau da kullum yake zuwa, da kukan ƙirji ko ciki ko kai.

To, yaya awon yake? Babu allura, babu ɗiban jini. Wanda ya fi shahara shi ne GAD-7, da likita Robert Spitzer da abokan aikinsa suka fitar a 2006. Tambayoyi 7 ne game da mako 2 da suka wuce: ko hankalinka yana yawan tashi, ko kana kasa tsayar da zullumi, ko kana damuwa fiye da kima kan abubuwa daban-daban, ko kana kasa sakin jiki, ko kana kasa zama wuri guda, ko kana saurin fushi, ko kana jin kamar wani mugun abu zai auku. Kowace amsa tana da maki: ko kaɗan 0, ƴan kwanaki 1, fiye da rabin kwanakin 2, kusan kullum 3. Jimilla ba ta wuce 21. Wanda ya kai 10 ana zurfafa bincike a kansa.

Mu lura da kyau, ƴan'uwa, makin ba hukunci ba ne. Kamar rairaya yake: yana ware waɗanda za a sake dubawa. Ƙarancin jini, da ciwon maƙoƙo mai sa zuciya gudu, da yawan shayi ko kofi ko goro, duk suna iya kama da fargaba. Wanda aka yi wa rasuwa a wannan mako shi ma makinsa zai hau. Sai likita ya zauna da mutum, ya saurare shi, kafin ya yanke magana. Har a Amurka an yi ta cewa awon ba ya da amfani idan babu wanda zai karɓi marar lafiya bayansa.

Wannan magana ta fi nauyi a wurinmu, inda likitocin ƙwaƙwalwa ƙalilan ne, kuma sashen da aka fi sani yana babban asibitin ƙasa na Yamai. Mutumin Dakoro ko Tanout ba zai iya wannan tafiya don faɗuwar gaba ba. Shi ya sa tun 2008 OMS ta fito da wani shiri na koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane cututtukan ƙwaƙwalwa da kula da su a inda jama'a suke.

Abin da ya rage namu ne. Idan ma'aikacin lafiya ya yi mana irin waɗannan tambayoyi, kada kunya ta sa mu ce "lafiya lau" alhali ba lafiya. Idan bai tambaya ba, mu faɗa da bakinmu. Ciwon fargaba ba hauka ba ne, ba kuma shaida ba ce ta raunin imani, kamar yadda ciwon sukari ba ya zama shaida a kan mai shi. Mai addu'a ya ci gaba da addu'arsa, ya kuma je asibiti. Ɗaya ba ta kore ɗaya.

Magani iri biyu ne: zaman tattaunawa da gwani, wanda yake koya wa mutum sarrafa tunaninsa, da kuma ƙwayoyi, waɗanda sukan ɗauki makonni kafin a ji amfaninsu. Wanda aka ɗora a kansu kada ya yanke su rana ɗaya saboda azumi. Ya tambayi likitansa ko za a mayar da lokacin sha zuwa sahur ko buɗa-baki. Mu kuma guji tramol da ƙwayoyin sa barci na bakin titi, domin sauƙinsu na dare ɗaya ne, sabonsu kuwa na shekaru. Wanda tunanin halaka kansa ya fara zo masa, a kai shi asibiti a ranar, kada a bar shi shi kaɗai.

Nan za mu dakata. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sanya natsuwa a zukatanmu. Sai gobe war haka, idan Allah ya kai mu.