Yadda Ake Ƙidaya Abincin Kifi A Tafkin Cadi

Jama'a, makiyayi yakan dubi ciyawa ya san yadda shanunsa za su kasance bana. To, kifi ma yana da tasa makiyayar. A cikin ruwan tafki akwai waɗansu ƙananan halittu masu motsi, yawancinsu ba su kai ƙwayar gero ba. Su ne abincin 'ya'yan kifi. In sun ƙaranta kifi ya ƙaranta, masunci da mai fataucin banda duk su ji a jikinsu.

Ga yadda ma'aikata ke ƙidaya su. Da fari sukan zaɓi wurare a tafkin, su sa musu lamba, ko wane wata su koma can. Sukan je a lokaci guda kuma, domin halittun nan sukan yi ƙasa da rana, su taso sama da dare. Wanda ya ɗiba yau da hantsi, gobe da almuru, lissafinsa ya ɓaci.

Abin ɗiban wata koma ce mai siffar mazurari, idonta ya fi na rariyar gari ƙanƙanta, da kwalba ɗaure a gindinta. A saka ta har ƙasa, a jawo a hankali. Da yake an san faɗin bakinta da zurfin wurin, an san yawan ruwan da ta tace. Sai a zuba magani a kwalbar don kada su ruɓe, a ɗibi kaɗan a ƙirga da madubin likita, iri iri, sa'an nan a lissafa na sauran.

Ba a tsaya nan ba. Akan auna zafin ruwan da gishirinsa. Akan kuma nutsar da wani farin faifai da igiya, a rubuta inda ya ɓace wa ido, watau an auna gurɓacewar ruwan ke nan. In lissafin halittun ya sāke, waɗannan ne za su nuna dalili.

Masanan Faransa da suka zauna a Fort-Lamy, watau Njamena ta yau, sun yi irin wannan aiki tun wajen 1964, lokacin da tafkin ya kusa murabba'in mil 10,000. Da fari ya tsananta a 1973 tafkin ya rabu biyu, a 1975 ɓangaren arewa ya ƙafe. Kifin da mutanen Cadi ke kira salanga, wanda ke cin halittun nan a sararin ruwa, ya ja baya ƙwarai, tarwaɗa da ƙarfasa masu jure wa fadama suka yawaita. Ba don lissafin shekarun cikar ruwa ba, da ba a sami abin gwadawa ba.

Saboda haka in kun ga ma'aikaci a kwalekwale yana tace ruwa da 'yar koma, kada ku ce wasa yake yi. Ku nuna masa hanya, abincinku yake auna muku.