Bayan An Faɗa Wa Dangi: Abin Da Alƙaluman Amurka Suka Nuna

A shekarar 2015, cibiyar NCTE mai kare haƙƙin masu sauya jinsi a Amurka ta tattara amsoshin mutum 27,715 game da rayuwarsu. Ta intanet aka cike tambayoyin, don haka sakamakon ya fi bayyana halin waɗanda suka amsa. Duk da haka, yawansu ya isa a tsaya a duba.

Kashi 29 cikin 100 na waɗanda suka amsa suna cikin talauci, fiye da ninki biyu na sauran Amurkawa. Marasa aikin yi a cikinsu sun kai kashi 15, alhali a ƙasar baki ɗaya kashi 5 ne a lokacin.

Da aka ware alƙaluman bisa launin fata, sai nauyin ya karkata gefe guda. Baƙaƙen fata masu fama da talauci sun kai kashi 38, 'yan asalin Latin Amurka kuma kashi 43. Kashi 30 na duka mahalarta sun taɓa rasa matsuguni, amma a tsakanin baƙaƙen fata da suka koma mata, adadin ya kai kashi 51. Kashi 19 na waɗannan matan suna ɗauke da ƙwayar HIV, a ƙasar da masu ɗauke da ita ba su wuce kashi 0.3 ba.

Wannan ne abin da lauya Kimberlé Crenshaw ta yi wa suna a 1989, wato haɗuwar wariya iri-iri a kan mutum ɗaya. Wariyar launin fata na hana shi aiki, wariyar jinsi na hana shi hayar ɗaki, rashin kuɗi kuma na hana shi zuwa asibiti.

Alƙaluman da suka fi taɓa zuciyata su ne na cikin gida. Cikin waɗanda suka sanar da danginsu, kashi 8 an kore su daga gida. Waɗanda dangi suka rungume su, kashi 37 ne suka taɓa yunƙurin kashe kansu. Waɗanda aka juya wa baya, kashi 54. Haka tazarar take a rasa matsuguni: 27 da 45.

Gyara doka da samar da aikin yi na ɗaukar shekaru. Uwa ko uba kuwa, a daren da ɗansu ya buɗe musu cikinsa, suna da ikon barin ƙofar gida a buɗe, kuma alƙaluman sun nuna hakan na iya ceton rai.