Amurka: Jihohi Na Buɗe Gefen Manyan Hanyoyi Domin Kafa Turakun Lantarki

A ƙasar Amurka, samun filin da za a bi da manyan wayoyin lantarki ya fi sayen wayoyin da turakunsu wuya. Layin da za a iya kafawa cikin shekara biyu ko uku yakan share shekara goma ana neman izni, ana cinikin diyya da masu gonaki, ana kai da kawo a kotuna. Layin SunZia, wanda ya tashi daga Jihar New Mexico zuwa Arizona, an fara tsara shi a 2006, amma sai a 2023 aka soma aikin. Duk wannan jira kuwa kuɗi ne, kuma a ƙarshe mai biyan kuɗin wuta ne ke ɗaukar nauyinsa.

Wannan ne ya sa hankali ya koma kan filin da gwamnati ta riga ta mallaka, wato wanda aka keɓe a gefen manyan hanyoyi. An biya diyyarsa tun tuni, an share shi, ga shi kuma ya miƙe daga birni zuwa birni, inda ake bukatar wutar.

Sai dai an daɗe da rufe wannan ƙofa. Tun 1959 ƙungiyar jami'an hanyoyi na jihohi ta tsayar da ƙa'idar hana shimfiɗa waya ko bututu a tsawon tagwayen hanyoyin da suka haɗa jihohi. A 1988 Hukumar Manyan Hanyoyi ta Tarayya ta sakar wa kowace jiha mara ta yanke wa kanta hukunci, amma jihohi da yawa suka ci gaba da riƙe tsohuwar ƙa'ida. A watan Afrilu na 2021 hukumar ta sake fitar da takarda tana ƙarfafa musu guiwa su buɗe.

Jihar Wiskonsin ce ta yi zarra. Dokarta mai lamba 89 ta 2003 ta jera wuraren da za a fara dubawa kafin a ja sabon layi: da farko inda wayoyi ko bututu suka riga suka bi, sannan gefen titi da layin dogo, sabon fili kuwa shi ne na ƙarshe. A ƙarƙashin wannan tsari aka gina layin Badger Coulee mai ƙarfin kilobolt 345, mai tsawon kusan mil 180, daga yankin La Crosse zuwa kusa da birnin Madison, wanda babban sashensa ya bi babbar hanya. An amince da shi a 2015, ya fara aiki a watan Disamba na 2018. Maƙwabciyarta Minesota ta yi dokar buɗe hanyoyinta a 2024, Kolorado ta biyo baya a 2025.

Injiniyoyin hanya ba taurin kai kawai suke yi ba, suna da hujja. Turke kusa da kwalta haɗari ne ga motar da ta ƙwace. Motocin masu gyaran waya kuma ba su da damar tsayawa ko ratsewa a inda ake sheƙa gudu, sai an nema musu wata mashiga ta baya. Binne wayar a ƙasa yana kawar da yawancin wannan damuwa, amma tsadarsa ta ninka ta kafa turaku.

Abin da ya fi ɗaukar hankalin masu zuba jari shi ne ranar da gwamnati za ta so faɗaɗa hanyar. Bisa al'ada, kamfanin da ya shiga filin gwamnati da takardar izni shi ke kwashe kayansa da kuɗinsa. Matsar da ƙaramin turken unguwa ba wani abu ba ne, amma matsar da dogayen turakun ƙarfe na kilobolt 345, tare da kashe layin har a gama, magana ce ta miliyoyin daloli. Saboda haka kamfanoni ke neman ma'aikatun sufuri su nuna musu shirinsu na faɗaɗa hanya na shekaru masu zuwa kafin a haƙa ramin turke na farko.