Laimar kwaɗin Meziko a ɗakin likita

A garin Huautla, cikin duwatsun jihar Oaxaca ta ƙasar Meziko, an yi wata mata mai suna María Sabina, 'yar ƙabilar Mazatek, wadda mutanen garin ke kai wa marasa lafiyarsu. Da dare take aiki. Takan ci wani nau'in laimar kwaɗi, ta ba majinyacin nasa, sannan ta kwana tana addu'a da waƙe har a gano abin da ke damunsa. A 1955 wani ma'aikacin banki daga New York, Gordon Wasson, ya samu shiga irin wannan zaman, kuma a 1957 ya buga labarin a mujallar Life. Ya ɓoye sunanta, amma ba a daɗe ba aka gano ta. Samarin Turawa suka yi ta tururuwa zuwa garin, lafiyarsu ƙalau, wai Allah suke nema. 'Yan sanda suka biyo baya, mutanen gari suka ga laifinta, aka ƙona mata gida. Ta rasu a 1985 cikin talauci.

Ita kuwa laimar ta yi gaba. A 1958 Albert Hofmann, masanin sinadarai a kamfanin Sandoz na Suwizaland, ya ware sinadarin da ke cikinta, silosaibin. Shi ne kuma ya haɗa LSD, wani sinadarin mai juya hankali, tun 1938. Likitocin ƙwaƙwalwa sun yi ta gwaji da su har lokacin da suka bazu hannun matasa, Amurka ta haramta su, Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa su cikin yarjejeniyar 1971. Bincike ya kwanta kusan shekara talatin.

Aikin da ya fi tayar da shi na Roland Griffiths ne, a Jami'ar Johns Hopkins, a 2006. Mutum 36 aka ɗauka, dukkansu masu wata alaƙa da ibada, babu wanda ya taɓa shan irin wannan. Kowa ya kwanta a kan doguwar kujera, an rufe masa ido, an sa masa kiɗa a kunne, mutum biyu na zaune kusa da shi wuni guda. Bayan wata biyu, kusan biyu cikin uku suka ce abin da suka ji yana cikin abubuwa biyar mafi ma'ana a rayuwarsu, wasu har suna jera shi da haihuwar ɗan fari. Sun yi maganar narkewar kai, da jin cewa su da sauran halitta abu ɗaya ne. Amma kusan ɗaya cikin uku sun shiga tsoro mai tsanani, kuma wannan ɓangaren ba a cika ba da labarinsa ba.

Silosaibin yana kama da serotonin, ɗaya daga cikin sinadaran da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke aika saƙo da su, don haka yakan zauna a mazauninsa. Na tsawon sa'o'i huɗu zuwa shida, sassan ƙwaƙwalwa da suka saba aiki tare sukan saki juna, waɗanda ba su saba ba su haɗu. Mai ciwon damuwa kamar jakin da aka ɗaure a turke ne, yana zagaya tunani guda dare da rana: ni ba ni da amfani, ba zan taɓa warkewa ba. Masu binciken na ganin sinadarin na sassauta igiyar na ɗan lokaci, likita ya samu damar shiga da magana.

Sakamakon na da ƙarfafa gwiwa, amma bai kai kururuwar da ake yi ba. A 2021 masu bincike a Kwalejin Imperial ta Landan suka gwada shi da escitalopram, sanannen maganin damuwa, a kan mutum 59, kuma a babban ma'aunin da suka sa gaba ba a ga wani bambanci tabbatacce ba. A 2022 aka yi gwaji da mutum 233 waɗanda sauran magunguna suka kasa; bayan mako uku, kashi 29 cikin ɗari na waɗanda suka sha miligiram 25 sun samu sauƙi sosai, kashi 8 kacal a cikin waɗanda suka sha miligiram 1. Da aka kai wata uku tazarar ta ragu, kuma an samu waɗanda tunanin kashe kai ya zo musu. Ga wata matsalar: a gwajin magani ana so majinyaci ya kasa sanin ko na gaske aka ba shi ko na bogi, amma wanda ya ga bango na numfashi ya san me ya sha. Irin wannan matsalar na cikin dalilan da suka sa hukumar magunguna ta Amurka ta ƙi amincewa da MDMA, wani sinadarin mai juya hankali da ake gwadawa a matsayin magani, a 2024, alhali Ostareliya ta riga ta ba wasu likitocin ƙwaƙwalwa izinin amfani da shi da silosaibin tun Yulin 2023.

Abin da na fi lura da shi, a Huautla da Johns Hopkins duka, shi ne babu wanda aka bari shi kaɗai. Akwai shiri kafin sha, akwai mai tsaro, akwai zaman tattaunawa bayan an farfaɗo. A ɗakin gwaji ana kuma tace mutane: duk wanda ke da tarihin taɓin hankali, ko a danginsa na kusa, ba a ɗaukarsa. A ganina rabin maganin yana cikin wannan kulawar. Jin mutum ya kusanci wani abu mai tsarki kuwa shaida ce ta abin da ya ji. Ba ta tabbatar da abin da ya gani, kuma ɗakin gwaji ba shi da ma'aunin hakan.

Labarin nan na yawo a wayoyin yaranmu, kuma ina tsoron yadda za su fassara shi. Mu abin da ke bayan gidajenmu zaƙami ne, kuma ba dangin silosaibin ba ne ko kusa. Sinadaransa na toshe wata hanya daban a jiki: baki ya bushe, jiki ya ɗau zafi, zuciya ta yi ta bugu, mutum ya yi ta hira da waɗanda babu su, ya farka bai tuna komai ba. Ƙarfin gubar ya bambanta daga tsiro zuwa tsiro, shi ya sa adadin da ya bar wani da rai yake kashe wani. Matashin da damuwa ta hana barci, a kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, a Dawanau ko Barnawa ko Kware, inda akwai magungunan da aka daɗe da sanin aikinsu da illarsu.