Takobin Japan da Takobin Ƙasar Hausa: Ina Gaskiya, Ina Ƙarin Gishiri?

Tun da bidiyon mayaƙan samurai ya cika wayoyi, gardama kan takobi ta dawo majalisun samari, daga Kankiya har Kusada da Boko. Wasu sun dage cewa katana, takobin Japan, ba abin da ke gagarar sa. Wasu kuma sun ce namu na hawan Sallah ado ne kawai. Ga maganganu biyar da aka fi yawo da su, da matsayin kowacce.

"Sau dubu ake ninke ƙarfen katana"

Ba haka ba ne, amma zancen yana da tushe. Japanawa suna dafa yashi mai ƙarfe da gawayi a murhun yumɓu da suke kira tatara, kwana uku wuta na ci. Ƙarfen da ke fitowa bai daidaita ba: wani gefe ya cika tauri, wani ya cika laushi, ga datti. Don haka maƙeri yake dukan sa, ya ninke, ya sake duka, kamar sau 10 zuwa 15. Kowane ninki yana ruɓanya shimfiɗun ƙarfen, har ninki 15 ya haifar da shimfiɗa 32,768. Daga nan aka samo lissafin dubbai. Tace ƙarfe ake yi, ba tsafi ba.

"Katana tana datse bakin bindiga"

Wannan aikin fim ne. Kafin a tsoma ruwan takobin mai zafi cikin ruwa, ana lulluɓe bayansa da yumɓu mai kauri, a shafa ɗan kaɗan a kaifin. Kaifin sai ya huce nan take ya yi tauri, bayan kuma ya huce a hankali ya zauna da sauƙi. Wannan dabara ce ke fito da zanen nan mai kama da igiyar ruwa a gefen kaifin, tana kuma ƙara masa lanƙwasa. Sai dai kaifi mai tauri saurin ɓalgacewa gare shi. Duk wanda ya sari bindiga da shi ya lalata aikin watanni.

"Takubbanmu duk daga Turai aka kawo su"

Rabinta gaskiya ce. Matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya kuma tarar ana shigo da ruwan takubba na garin Solingen na Jamus ta hanyar Sahara. Amma ruwa tsirara yake isowa. A nan ake sa masa mariƙi, maƙeran fari su yi masa ado da tagulla ko azurfa, dukawa su ɗinka kube na jar fata, a rataya shi da hamila. Maƙeran baƙi kuma a lokacin suna ƙera nasu ruwan daga ƙarfen tama da aka narka a gida, da zugazugi da gawayin ƙirya. Idan ka zare tsohon takobi, duba shi da kyau: miƙaƙƙe ne, kaifi biyu, kansa a ɗan zagaye, da kwarmi a tsakiya, sau da yawa kuma da tambarin jinjirin wata guda biyu. Asalin tambarin na Turai ne, amma maƙeranmu ma sun riƙa buga shi a kan nasu. Saboda haka ganin tambari kaɗai ba ya nuna inda aka ƙera takobi.

"Japan kaɗai ke girmama takobi"

Mai faɗin haka bai san gidansu ba. Gaskiya ne cikin kayan sarautar Sarkin Japan akwai takobi mai suna Kusanagi. To, a Gidan Korau, fadar Katsina, ma akwai Gajere, takobin da ke cikin kayan sarautar Katsina, tare da Bebe, wanda aka ce an ƙwato shi daga Gobirawa a fagen fama. Masanin tarihi A. D. H. Bivar ya nazarci Gajere a littafinsa na 1964, ya bayyana rubutun Larabcin da ke jikinsa. Nan ma a rarrabe abu biyu: kasancewar takobin tabbas ce, amma labarin cewa da shi Korau, ɗan kokawar nan na 'Yandoto, ya kashe Sarki Sanau, tarihin baka ne da aka gada, kunne ya girmi kaka. A Daura ana ajiye da takobin da ake danganta wa Bayajida, kuma labarin da kansa ya ce maƙeran Gaya ne suka ƙera masa makamin da ya tunkari macijiyar rijiyar Kusugu da shi.

"Sana'ar ta riga ta mutu"

A Japan an hana yawo da takobi tun 1876, amma sana'ar tana nan. Sai mutum ya yi shekara biyar a gaban gwani kafin gwamnati ta ba shi lasisin ƙera katana, kuma har yau ana hura tatara a lardin Shimane. Mu a nan, narka tama ya ja baya tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, tsohon ƙarfe ya wadata. Maƙera dai suna nan, suna ƙera garma da lauje da wuƙa, masu yin takobi kuma sukan yi da sifirin na mota.

Bambancinmu da Japanawa a nan yake: sun rubuta sunayen maƙeransu, shi ya sa duniya ta san Masamune bayan shekara kusan 700. Namu gwanayen suna tsufa ba wanda ya ɗauki iliminsu. Wanda ke da tsohon takobi a gida kada ya sayar wa 'yan gwangwan, kada ya goge shi da injin wasa ƙarfe. Ya shafa masa mai, ya tambayi dattawa tarihinsa, ya rubuta. Samari kuma su je maƙerar garinsu, su zauna gaban Sarkin Maƙera da wayar nan da suke kallon samurai, su naɗi abin da zai faɗa tun yana da rai.