Mokwa: Ana Gadin Kogi, Ruwa Ya Ɓullo Ta Layin Dogo

Kwanaki kaɗan bayan ambaliyar 29 ga Mayun 2025, Ministan Albarkatun Ruwa Joseph Utsev ya fito ya wanke madatsun Kainji da Jebba. Ya ce ba su saki ruwa ba, ruwan sama ne ya yi yawa, sannan gine-gine sun toshe wata ƙorama da ke zuba cikin Kogin Dingi. Ba a ce ya yi ƙarya ba. Amma bayanin ya tsaya daidai inda laifin hukuma ya fara, kuma abin da ya fi ciwo ke nan a labarin Mokwa.

Alƙaluman farko na hukumar agajin gaggawa ta Jihar Neja sun ce mutum 151 ne suka rasu, gidaje 265 suka rushe, sama da mutum 3,000 suka rasa matsuguni. Daga baya gawarwakin da aka samu sun haura 200, ɗaruruwa kuma ba a gan su ba. Duk wannan a unguwanni biyu, Tiffin Maza da Unguwar Hausawa, cikin 'yan sa'o'i na asubahin wata Alhamis. Cikin waɗanda ruwan ya tafi da su har da almajiran wata makarantar allo da ya iske a makwancinsu.

Mokwa ba baƙon ruwa ba ne. A Yunin 2017 ruwan sama ya karya gadar Tatabu da ke kan hanyar Jebba, manyan motocin da ke dakon kaya tsakanin Arewa da Legas suka yi cirko-cirko, har Yemi Osinbajo, yana muƙaddashin shugaban ƙasa, ya je ya gane wa idonsa. A Oktoban 2024 jirgin ruwa ɗauke da kusan mutum 300 masu zuwa Maulidi, galibinsu mata da yara, ya kife a kusa da Gbajibo. A Afrilun 2025, ana tsakiyar aikin rani, ruwan da aka sako daga Jebba ya shanye dubban kadada na shinkafa a ƙaramar hukumar. Tun da aka gama Kainji a 1968, aka ƙara Jebba a shekarun 1980, mutanen wannan yanki suka saba da cewa masifa daga wajen Kogin Neja take zuwa. Can ake sa ido, can ake aika gargaɗi, kuma domin irin waɗannan al'ummomi aka kafa hukumar HYPPADEC mai hedikwata a Minna.

Sai ga shi wadda ta fi kowace muni ta fito daga inda babu mai gadi.

Layin dogon Legas zuwa Kano, wanda Turawan mulkin mallaka suka shimfiɗa fiye da shekara 100 da suka wuce, ya ratsa Mokwa a kan wani tudun ƙasa da aka tara domin jirgi ya bi. A ƙarƙashin irin wannan tudu akan bar kwalbati, ruwan damina ya wuce abinsa. Idan kwalbatin ya cika da yashi da leda da karan dawa, tudun ya zama madatsa ke nan, madatsar da ba injiniyan da ya zana ta don riƙe ruwa, ba ta da ƙofar rage shi, ba ta da ma'aikacin da zai duba ko ta tsage. Mazauna garin sun sha faɗa wa 'yan jarida cewa ruwa ya daɗe yana taruwa a bayan layin. A daren 28 ga Mayu aka kwana ana sheƙa ruwa, tudun ya jiƙe ya saki, abin da ya taru ya gangaro kan gidaje a lokaci guda. Hotunan da aka ɗauka bayan ruwan ya janye sun nuna ƙarafan layin suna reto a sama, ƙasar da ke ƙarƙashinsu ta tafi.

Wannan ne ya bambanta Mokwa da ambaliyar da aka saba gani a bakin kogi. Ruwan kogi yana hawa a hankali. Mutum ya ga ya taɓa dokin ƙofa, ya kwashe yara da buhun hatsi ya nufi tudu. Ruwan da ya fasa shinge ba ya ba da wannan dama. Yana zuwa da itatuwa da duwatsu, ya daki katangar jar ƙasa ta narke, rufin kwano ya rufto kan masu barci. Shi ya sa adadin matattu ya kusa kamo adadin gidajen da suka rushe.

To, wa ke da alhakin kwalbatin? Layin na Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya ne. Babbar hanyar ta Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya ce. Magudanun cikin gari da ba da izinin gini na jiha da ƙaramar hukuma ne. Kowa na da abin da zai nuna ya ce ba nasa ba ne, ruwa kuwa bai san iyakar ofis ba. A Afrilun 2025, hasashen ambaliya na hukumar nazarin ruwa ta ƙasa, NIHSA, ya lissafa garuruwa 1,249 a ƙananan hukumomi 176 da ke cikin babban haɗari. Irin wannan jeri yana da amfani a taron manema labarai a Abuja, amma ba ya gaya wa mai unguwa wane rami ne ya toshe, balle ya turo motar yashe shi kafin ruwan farko.

Masu cewa sauyin yanayi ne suna da hujjarsu. Damina ta rikice, ruwan wata guda kan zuba a dare ɗaya, kuma sare daji domin gawayi ya bar ƙasa tsirara. Haka nan gaskiya ne mutane sun yi gini a hanyar ruwa. Sai dai ɗan ci-rani da ya zo Mokwa neman abinci ba ya zaɓen kwari don yana son kwari. Nan ne fili ke da araha, kuma wani ne ya sayar masa, wani ya kau da kai. Ruwan sama mai ƙarfi ya sauka a garuruwa da dama a waccan damina, ba duka ne suka binne mutum 200 ba.

Asarar ba ta tsaya a garin ba. Mokwa mashiga ce: tumatir da albasa da wake da shanun Arewa ta nan suke bi zuwa Kudu, don haka karyewar gada a nan takan taɓa farashi a kasuwar Mile 12 ta Legas, ta kuma bar kayan gwari suna ruɓewa a mota. Akwai kuma asarar da ba ta shiga lissafi. A unguwar baƙi da almajirai, da yawa ba su da rajista a ko'ina, danginsu suna wasu jihohin. Idan gida ya tafi gaba ɗaya, ba a samun wanda zai je ya ce ga sunayen da suka ɓace.

Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya je ta'aziyya a farkon Yuni, ya sanar da naira biliyan 2 da tirela 20 na abinci. Waɗanda suka tsira suna buƙatar ko wace ƙwaya. Amma layin dogon nan ya ratsa Zungeru da Minna da Kaduna da Zariya har Kano, da kwalbatoci masu shekaru irin na Mokwa, unguwanni kuma sun tsiro a gindinsu. Aikin da ke gaban Hukumar Jiragen Ƙasa da jihohin da layin ya bi shi ne su bi su ɗaya bayan ɗaya da rani, su yashe, su faɗaɗa waɗanda suka yi wa ruwan yanzu kaɗan, su kuma faɗi sunan ofishin da mai unguwa zai kira idan ya ga ruwa ya kwanta a bayan layi.